Fireball na 1972: me ya sa 'yan wasan pinbol suka kasa haɗa baki a kan inji ɗaya?

A watan Fabrairun 1972 kamfanin Bally da ke Shikago a Amurka ya fitar da wani injin wasan pinbol mai suna Fireball, ya ƙera guda 3,815. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har gobe in masu sha'awar wannan wasa suka zauna hirar tsofaffin injuna, da wuya a tashi ba a ambace shi ba. Wasu na sa shi a sahun gaba na duk abin da aka ƙera kafin kwamfuta ta shiga harkar. Wasu kuma, cikinsu har da gwanayen da ke zuwa gasa, cewa suke yi ado ne kawai da hayaniya, sa'a ta fi gwaninta tasiri a cikinsa. Kowane ɓangare ya buga injin, kowane ɓangare kuma yana da hujjar da za a saurara. To ina gizo ke saƙar?

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, akwati ne dogo mai ƙafa huɗu, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, an rufe samansa da gilashi. A ƙarƙashin gilashin akwai allon katako mai ɗan gangare zuwa wajen mai wasa, cike da turaku da robobi da ramuka da fitilu. Mai wasa zai ja wata sanda mai sifirin da ke hannun dama ya saki, ta harba ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan giram 80 zuwa can saman allon. Daga nan ƙwallon ya riƙa gangarowa yana bugun abubuwa, kowane bugu da makinsa. A ƙasa akwai mabugai biyu, 'yan sanduna ne da ke ɗagawa in an danna maɓalli a gefen akwatin, da su ake mayar da ƙwallon sama. Da zarar ya wuce ta tsakaninsu, ko ya zurare ta lungun gefe, wannan ƙwallon ya tafi. Uku ko biyar ake ba mutum a wasa ɗaya, gwargwadon yadda mai injin ya saita.

Fireball na cikin rukunin injunan da wutar lantarki da ƙarfe kaɗai ke tafiyar da su. In aka ɗaga allon aka leƙa ciki, abin da za a gani shi ne damin wayoyi, da kwayil-kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyi masu jan ƙarfe in wuta ta shige su, da ɗaruruwan siraran ƙarafa bibbiyu masu haɗuwa su rabu don kunna wuta da kashe ta, sai wani ɗan moto mai ɗauke da faranti masu haƙora a jere. Wannan moton shi ne mai lissafi. Ana nuna maki a kan wasu ƙananan tayoyi masu lambobi daga 0 zuwa 9 da ke bayan gilashin fuskar injin, wato sashen da ke tsaye a can ƙarshen akwatin yana kallon mai wasa, kuma kowace taya taki ɗaya take yi a bugu ɗaya. Saboda haka in mutum ya ci maki 500, sai moton ya juya, haƙoransa su aika wuta sau biyar, tayar ɗaruruwa ta yi taki biyar, ƙararrawa na amsawa a kowane taki. Mai wasa na jin makinsa da kunne kafin ya gan shi da ido. Zamanin irin waɗannan injuna ya zo ƙarshe ne cikin 'yan shekaru: Bally ya fitar da Freedom mai kwamfuta a 1976, Williams ya biyo da Hot Tip a 1977, Gottlieb da Cleopatra a shekarar, kafin 1980 kuwa manyan kamfanonin duk sun juya wa tsohon salon baya.

Ted Zale ne ya tsara Fireball, mutumin da aka sani a Bally da ƙin yin allo mai dama da hagu iri ɗaya. Zanen fuskar, wani jan halitta mai jifa da dunƙulen wuta, aikin Dave Christensen ne, kuma yana cikin ayyukansa na farko a kamfanin. Zale ya tara abubuwa a wannan allo fiye da yadda aka saba a lokacin. Akwai ramuka biyu masu suna Odin da Wotan, waɗanda in ƙwallo ya faɗa ɗayansu sai ya zauna a tsare, injin ya miƙo wani sabo. In aka sako waɗanda aka tsare, mutum zai tsinci kansa da ƙwallaye biyu ko uku suna yawo lokaci guda. Akwai wani ƙwallon da ke ɗaure a lungunsa ba ya fita, sai dai a doke shi da na wasa ya haura ya taɓa makunnin da ke ƙuryar lungun, ya sako fursunonin. Mabugan gajeru ne, inci 2, alhali tun da Williams ya kawo masu inci 3 a injin Hayburners II a 1968 kasuwa ta fara komawa can. Amma suna da wata baiwa da Zale ya fara sa wa injin Bazaar a 1966: in ƙwallo ya bugi wani ɗan turke mai siffar laimar kwaɗi, mabugan biyu sai su matso su haɗe, su toshe ƙofar tsakiya, har sai an taɓa abin da zai sake buɗe su. Sannan ga babban abin rigimar, wani faifai mai fuskar da ke cafkar ƙwallo da aka dasa a tsakiyar allon, yana ta juyawa muddin ana wasa.

A ɗauki ƙwallo guda a bi shi. Mai wasa ya ja sandar harbi, bai kai ta ƙarshe ba, domin a saman Fireball akwai wata hanya mai hawa wadda ƙarfin harbin ne ke yanke inda ƙwallo zai tsaya a kanta. In ya yi ƙarfi da yawa ya wuce wurin maki mai tsoka, in ya yi sanyi bai kai ba. Ya saki, ƙwallon ya hau, ya ɗan yi jinkiri, ya sauko cikin turakun da ke tunkuɗa shi nan da can, ƙararrawa na ta kaɗawa. Ya fito ya nufo mabugin hagu a hankali, mai wasa har ya gyara tsayuwa ya san inda zai aika shi. Sai gefen ƙwallon ya shafi faifan nan. Cikin ƙiftawar ido hanyarsa ta sauya, ya yi dama da gudu, ya daki roba, ya nufi lungun gefe. Abin da ya rage wa mai wasa rabin daƙiƙa ne: ko ya zunguri akwatin da tafin hannu daidai lokacin da ƙwallon ya taɓa turken bakin lungun don ya dawo ciki, ko ya tsaya yana kallo ya tafi.

Wannan rabin daƙiƙar ce ta raba 'yan wasa gida biyu.

Masu son Fireball suna cewa babu injin zamaninsa da ke sa zuciya bugawa kamarsa. A wurinsu faifan shi ne gishirin wasan, don ba ya barin mutum ya sake. Suna yaba yadda yanayi ke juyawa nan take: yanzu ƙofar tsakiya a buɗe take kana cikin haɗari, bugu ɗaya mai kyau ta rufe, ka sami sararin sako ƙwallaye uku kana dukansu ba fargaba, can kuma ɗayansu ya taɓa abin da bai kamata ba, mabugan su ja da baya, ƙwallaye biyu su bi ta tsakiya a jere. Dokokin wasan kaf ana iya bayyana su cikin minti ɗaya, ga su ma a rubuce a ɗan katin da ke ƙasan gilashi. Wanda bai taɓa wasa ba zai gane abin da ake nema, kuma wani lokaci ya doke wanda ya shekara goma yana yi. Masoyan injin na ɗaukar wannan a matsayin alheri, don shi ke sa a taru a kansa mutum huɗu, uba da 'ya'yansa ko abokai, kowa na da rabo. Suna kuma maganar sauti da jijjiga: ƙarar moton, takun tayoyin maki, gurnanin kwayil in an riƙe maɓalli, da bugun nan mai ƙarfi da wani ƙarfe ke yi a jikin akwatin in mutum ya ci wasan kyauta, wanda duk ɗakin sai ya ji. Duk waɗannan sautuka na abubuwa ne da ke motsi da gaske a cikin akwatin, hannun da ke dafe da katakon na jin su.

Masu suka kuwa, yawancinsu mutane ne da suka koyi wasa a injunan 1990 zuwa yau, irin su The Addams Family na 1992 da aka ƙera fiye da 20,000. A waɗannan injuna gwani na iya tare ƙwallo a kan mabugi ya tsayar da shi cak, ya numfasa, ya zaɓi hanyar da zai harba, ƙwallon ya bi wata gada ya dawo masa kan mabugin, ya maimaita. Wasa ɗaya na iya kai rabin sa'a a hannun ƙwararre. Mutumin da ya saba da haka, in ya tsaya gaban Fireball sai ya ji an ɗaure masa hannu. Mabugan gajeru ne, tazarar da ke tsakaninsu in suna buɗe mai faɗi ce, tare ƙwallo na da wuya, kuma ko ka auna harbinka daidai, hanyar zuwa sama ta kan faifan take bi. Suna ƙorafin abin da 'yan wasa ke kira ƙwallon gida, wato wanda zai sauko daga sama ya wuce ba tare da ya ko shafi mabugi ba. Injunan yanzu na mayar maka da irin wannan ƙwallon in ya tafi cikin 'yan daƙiƙun farko. Fireball ba ya mayarwa. Hujjarsu a taƙaice ita ce, wasan da ƙwararre zai iya faɗuwa a hannun ɗan koyo saboda wani faifai ya ga dama, bai cancanci a kira shi ma'aunin gwaninta ba.

Wannan gardama ta sa'a da gwaninta ta girmi Fireball nesa ba kusa ba, kuma a Amurka ta taɓa zama maganar kotu da 'yan sanda. Injunan farko na shekarun 1930 ba su da mabugai sam, harbawa kawai ake yi a zuba ido, wasu kuma har kuɗi suke biya. Hukumomi suka ɗauke su caca. Los Angeles ta haramta su a 1939. A Janairun 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya sa aka bi shaguna ana kwashe su, ana farfasa su da guduma. Mabugai ba su zo ba sai a 1947, lokacin da Harry Mabs ya sa guda shida a injin Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb, amma dokokin haramcin suka zauna daram. A shekarar da Fireball ya fito, haramun ne a ajiye shi don kasuwanci a Niyok, haka ma a Shikago inda aka ƙera shi. Sai a 1974 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a wasan. A 1976 kuma wani matashin marubuci, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin Niyok ya buga injin Bank Shot na Gottlieb, ya faɗi layin da ƙwallonsa zai bi kafin ya harba, ya kuma bi ta nan, majalisar ta ɗage haramcin. Abin lura a nan, injin da Sharpe ya kafa hujja da shi ɗan zamanin Fireball ne, mai moto da tayoyin maki, kuma harbin da ya gamsar da 'yan majalisar da sandar sifirin ya yi shi, wato irin gwanintar da Zale ya gina saman allon Fireball a kanta.

A ganina masu suka sun taƙaita ma'anar gwaninta. Sun ɗauke ta a matsayin iko da ƙwallo a kan mabugi kaɗai, alhali tsofaffin injuna wata gwanintar suke nema. Ta farko ita ce awon harbin farko, wanda a Fireball kaso ne mai yawa na makin mutum, kuma ana samun damarsa a kowane sabon ƙwallo, har da wanda injin ke miƙowa bayan an tsare wani a rami. Ta biyu ita ce zungurar akwati. A cikin kowane inji akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke rataye a tsakiyar zobe. In aka girgiza akwatin har ƙarfen ya taɓa zoben, kalmar TILT ta haska, mabugai su mutu, ƙwallon ya tafi a banza. Injunan yanzu na yin gargaɗi sau ɗaya ko biyu kafin su hukunta, na da kuwa babu gargaɗi. Sanin iyakar da za ka tura injin ba tare da ka tsallake ta ba, da sanin lokacin, ilimi ne da ke zaune a tafin hannu da ƙugu, kuma mai kallo daga gefe ba ya ganinsa. Ta uku ita ce zaɓi: ka fara neman rufe ƙofar tsakiya ne kafin ka sako ƙwallayen da ke tsare, ko ka sako su yanzu tun dama na hannu? Wanda ya san injin ba ya aika ƙwallo ta tsakiyar faifan in yana da wata hanya, kuma ya san gefen da faifan ya fi jefawa.

Sa'a na nan, babu mai musu. A wasa ɗaya tana iya rinjayar komai. Amma a buga wasa ashirin tsakanin gwani da ɗan koyo a tara makin, za a ga bambanci ƙarara. Masu shirya manyan gasanni sun san haka. Gasar Pinburgh da aka riƙa yi a birnin Pittsburgh, wadda ta tara 'yan wasa 1,000 a 2019, tana haɗa mutum huɗu ne ta ba su injuna huɗu na zamani daban-daban, ciki har da mai moto irin na da, a yi ta zagaye har kowa ya buga wasa 40 kafin a tace. Duk da wannan gauraye, sanannun gwanaye ne ke yawan fitowa a sama, Keith Elwin ma ya lashe ta ba sau ɗaya ba. Wannan bai tabbatar da cewa Fireball shi kaɗai adali ne ba, amma ya nuna cewa masu harkar na kallon tsohon inji a matsayin jarrabawa ta gaske, muddin ba a rataya komai a kan wasa guda ba.

Akwai kuma inda masu suka ke da gaskiya tsantsa, kuma bai kamata son injin ya sa a rufe ido ba. Fireball ba shi da ƙwaƙwalwar tuna wa ya yi me. In ka sha wahala ka tsare ƙwallaye biyu a Odin da Wotan sannan naka ya zurare, suna nan zaune, mai bi maka ya zo ya sako su ya kwashi makin guminka. A wasan raha wannan abin dariya ne da tsokana, a gasa kuwa yana nufin jerin da aka bi wajen yin wasa na iya yanke hukunci. Na biyu, moton lissafin nan abu ɗaya yake iya ƙirgawa a lokaci guda. In yana tsakiyar buga maki biyar ɗin wani bugu, wani ƙwallon ya taɓa wani wuri mai bukatar moton, makin na biyun na iya salwanta. A injin da ke alfahari da ƙwallaye uku lokaci ɗaya, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Haka aka ƙera shi, babu gyaran da zai kawar da shi.

Sai dai babban dalilin saɓanin, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne mutum biyu da ke gardama a kan Fireball sau da yawa ba inji ɗaya suka buga ba, ko da sunan ɗaya ne. Duk wanda ya san tsohuwar Fijo 504 ya san cewa biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya, bayan shekara arba'in ɗaya na tafiya sumul ɗaya na tari, kuma bambancin na hannun makanikan da suka ratsa ne. Haka waɗannan injuna suke, har ma fiye.

A fara da gangaren allon. An tsara injunan wancan zamani su zauna a kan gangare na kusan digiri 3.5, na yanzu kuwa 6.5. Mai injin da ya saba da saurin na zamani sai ya ɗaga ƙafafun baya. Nan take ƙwallo ya daina yawo gefe da gefe, ya riƙa faɗowa kai tsaye, gajerun mabugan su kasa kai shi sama da ƙarfi, wasa ya zama na daƙiƙu. Wani kuma ya bar shi kwance fiye da kima, ƙwallo na tafiya kamar ba ya so, baƙo ya buga ya tafi yana cewa tsofaffin injuna ba su da rai. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko da kaɗan ne, lungun gefe ɗaya zai riƙa haɗiye ƙwallaye, mai wasa ya ɗora laifin a kan Ted Zale.

Sai mabugan. Kowane mabugi kwayil ne ke jansa, mai naɗi biyu: ɗaya mai ƙarfi na bugu, ɗaya mai rauni na riƙewa. A ƙarshen tafiyar mabugin akwai wasu siraran ƙarafa biyu da ke rabuwa don a koma kan naɗi mai rauni, kada kwayil ɗin ya ƙone. Bakin waɗannan ƙarafa na yin baƙi da tartsatsin wuta shekara da shekaru. In ya yi datti, ko tazararsa ta buɗe da wuri, bugun zai fito a sanyaye. Mai gyara zai sa ɗan fayil ya goge bakin har ya yi haske, ya lanƙwasa ƙarfen kaɗan yadda ba zai rabu ba sai mabugin ya kusa kai ƙarshe, ya sauya bututun da sandar kwayil ke shiga in ya cinye. Aikin minti talatin ne, amma harbin da jiya ba ya kai rabin allo yau sai ya isa har ƙurya. A Fireball abin ya ninka, domin mabugan a kan wani ƙarfe mai zamewa suke zaune don su iya haɗewa, kuma duk inda ƙarfe ke zamewa a kan ƙarfe shekara hamsin sai ya yi sako-sako. Wasu masu injin kuma na matsar da waya a jikin taransifoma zuwa wurin da ke ba da wuta mai ɗan yawa, komai ya ƙara zafi.

Shi kansa faifan da ake ta rigima a kai ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wanda fuskarsa ta cinye ta yi santsi, ƙwallo na ratsa shi kusan ba abin da ya same shi. Wanda aka manna wa sabuwar fuska mai kamu sosai na iya cafke ƙwallo ya wurga shi da ƙarfin da babu hannun da zai tare. Mutumin da ya ce faifan ba ya damunsa da wanda ya ce faifan ya lalata wasan, mai yiwuwa duka gaskiya suka faɗa game da abin da suka taɓa. A ƙara da robobi, sababbi masu tsalle ko tsofaffi da suka bushe suka tsage, da allon da aka goge da kakin zuma ko aka shafe da sabon fenti mai sheƙi, da yadda aka matse ko aka sassauta ƙarfen TILT, da ko ƙwallo uku aka saita ko biyar. Ƙwallon gida ɗaya a cikin biyar abin haƙuri ne, ɗaya a cikin uku kuwa sulusin wasanka ne ya tafi. Saboda haka in na ji hukuncin wani a kan tsohon inji, abin da nake so in fara sani shi ne a ina ya buga shi, wa ke kula da shi, kuma wasa nawa ya yi kafin ya yanke. Wanda ya buga a gidan adana injuna irin Pacific Pinball Museum da ke Alameda a Kalifoniya ko Pinball Hall of Fame na Las Vegas, inda akwai masu gyara a kusa, da wanda ya buga wani da ya shekara ashirin a garejin kawunsa, labarinsu ba zai zo ɗaya ba.

Masu gyaran ma ba su tsira daga saɓani ba. Wasu na cire tsofaffin ƙwayayen fitila su sa na zamani marasa zafi, hujjarsu ita ce zafin na da ne ke sa fentin bayan gilashin fuska ya ɓamɓare, kuma gilashin Christensen na asali ba a samunsa a kasuwa yadda aka ga dama. Wasu na ganin farin hasken nan mai kaifi na kashe launin ja da ruwan goro da aka zana don hasken fitila mai ɗumi. A nan ina tare da masu kare gilashin, muddin an zaɓi ƙwai mai launin ɗumi, don fentin da ya zube ba ya dawowa.

Wani abin da ke gyara fahimta shi ne tuna wanda aka ƙera injin dominsa. Abokin cinikin Bally shi ne ɗan kasuwar da zai sayi injin ya ajiye a mashaya ko shagon wasanni, yana zuwa yana kwashe sulalla. Wannan mutumin na son wasan da zai ƙare cikin 'yan mintoci, ya kuma bar mai wasa da jin cewa saura ƙiris ya ci, don ya sake laluba aljihu. Faifai mai juyawa da mabugai masu buɗewa da rufewa sun yi wannan aiki daidai. Ba wanda ya zauna a 1972 yana tunanin mutumin da zai ajiye injin a falonsa ya buga kyauta sau ɗari a wata, balle alƙalin gasa. Mai buga shi a gida yau yana auna shi da mudun da ba a ƙera shi don shi ba, kuma abin mamakin shi ne yadda yake cika mudun a wurin mutane da yawa.

Ko a cikin masoya tsofaffin injuna akwai waɗanda Fireball bai kwanta musu ba, kuma ra'ayinsu ya fi na kowa nauyi a wurina don ba za a ce ba su san salon ba. Su mutanen Gottlieb ne, masu son injunan ɗan wasa ɗaya irin El Dorado na 1975 da Ed Krynski ya tsara, mai alluna 15 da ke faɗuwa in an doke su. Da yake mutum ɗaya ke wasa, injin na iya riƙe abin da ka cim ma daga ƙwallo zuwa ƙwallo, sai wasan ya zama aiki guda mai farko da ƙarshe, kowane harbi da inda aka nufa da shi. Wanda ke son auna abu ya same shi, can zai fi jin daɗi, kuma ba na ganin ya yi kuskure. Wasu kuma a cikin gidan Bally ɗin ma sun fi son 4 Million B.C. na 1971, shi ma aikin Zale, mai mabugai masu haɗewa da ƙwallaye da yawa amma babu faifai a tsakiya.

Bally da kansa ya taɓa gwada raba gardamar ba da niyya ba. Sunan ya yi kasuwa har aka yi na gida a 1976, aka yi Fireball II a 1981 da wani allo daban, sannan a 1985 aka fitar da Fireball Classic, wanda ya dawo da tsarin allon 1972 a kan kwamfuta. An bar faifan, an bar ramukan biyu, maki ya koma kan fitilun lambobi, sauti ya koma na lasifika, aka kuma cire mabugai masu haɗewa aka sa na yau da kullum. Kwamfuta ba ta zubar da maki don tana cikin wani lissafin, saboda haka ɗaya daga manyan koke-koken masu suka ya kau. Duk da haka na 1972 ne masu tara injuna suka fi nema, kuma dalilin da suka fi bayarwa shi ne mabugan nan. A na asali faifan na jefa ka cikin haɗari, amma akwai turken da in ka same shi za ka sayi 'yan daƙiƙun aminci, wasan duka a kan wannan ciniki yake tafiya. A na 1985 an bar haɗarin an ɗauke abin da ake saye da shi, kuma ni ma a nan na fi ganin hujjar masu cewa na farkon ya fi.